Bayan Gora na Uku

Gero ya fara fid da kai a gonakin Arewa, wato shekara shida ke nan cur da muka kai Tankari makwancinsa a Dogon Dutsi. Shekara shida, kuma har zuwa makon jiya akwai aikinsa guda a hannuna wanda ban yi ba. Zane ne, ƙwaya ɗaya tak. Ni da nake zana allon shago uku a wuni in kasuwa ta buɗe, wannan ɗayan ya gagare ni, ya hana ni zama, ya sa ina tashi daga kan abinci ba dalili. Shi ya sa na ce bana ba zan yi shiru ba.

Tankari taubashina ne, ɗan gwaggona. Don haka kada mai karatu ya yi mamaki in ya ji ina tsokanarsa alhali yana ƙasa. Taubashi ba a daina masa wasa don ya mutu, kuma in na jera masa yabo zalla shi kansa zai ce ba Isuhu ne ya rubuta ba. Siririn mutum ne, mai gaggawa, wanda in zai yi maka magana sai ka bi shi da ƙafa, don ba ya iya gama jimla a tsaye wuri ɗaya. Ya yi karatun kwamfuta a Yamai, ya dawo gida ya kafa rumfar gyaran salula kusa da tasha, taku kaɗan daga rumfar da nake zanen alluna. Mutane sun san shi da gyaran salula. Ni na san shi da abin da yake yi in babu mai kawo gyara.

Tun muna yara akwai gidan bidiyo a unguwarmu inda ake saka fim ran Asabar bayan la'asar. A can muka kamu da wani jerin fina-finan Turawa mai kashi-kashi, na wasu masu yawon duniya da ke neman dukiyar mutanen da a cikin koguna da kufai. Rabin maganarsu ba ma ji, mu muke sa musu tamu. Tankari ya haddace kowane kashi, har ya san inda ƙasa za ta tsage kafin ta tsage. Amma abu ɗaya yana ci masa tuwo a ƙwarya. A kowane kashi mutanen nan sukan faɗa wuri ba sallama, su ɗauki abin da ba nasu ba, sai wurin ya rushe a kansu su fito da gudu. Yara na tafi, shi kuwa yana tsaki yana cewa ai dole ya rushe, baƙo babu sallama mugu ne.

Bayan ya dawo daga Yamai da kamar shekara guda ya shigo rumfata ina tsakiyar zana kofin shayi, ya ce zai yi wasan kwamfuta a kan fina-finan nan, irin wanda mutum ke tuƙa ɗan tafiyar da yatsunsa. Na ce masa wanda bai gama gyara salular liman ba shi ne zai gyara fim ɗin Turawa. Bai ko kula ni ba. Ya ce ba kwaikwayonsu zai yi ba, nasa zai fara ne daga inda nasu ke ƙarewa. Su suna ɗaukowa, shi nasa mayarwa zai yi. Ɗan tafiyar zai tsinci wata ƙaramar ƙararrawa ta tagulla wadda baƙi suka taɓa ɗaukewa daga wani kogo, ya ɗaure ta a tsumma, ya taso daga Sukukutane, ya ratsa Dogon Dutsi da Kore Mairuwa da Tibiri, har ya kai ta ga masu ita a bayan Gecheme. Shi zai rubuta abin da ke motsa wasan, ni in zana duk abin da ido zai gani. Na yarda don in rabu da shi, sai ga ni shekara biyu a ciki.

Mun sha yawo a kan babur ɗinsa, ni a baya riƙe da takardu. Ina zana rumbuna da bakin rijiya da itatuwan gawo, shi yana naɗar kukan guga da kurciya da fiton da makiyayi ke yi wa shanu. Duk wahalar da muka sha a hanya sai ya saka ta a wasan. Ranar da yashi ya riƙe mu a hanyar Sukukutane muka tura babur har muka ga taurari da rana tsaka, washegari yashin ya shiga wasa. Ya saka wani tsoho a mararraba wanda sai ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya, da kwana da gajiya da gida da ruwa, kafin ya nuna maka hanya. In ka yi gaggawa ka tsallake ɗaya, tsohon zai ce maka miƙe kawai, ka yi ta zagaye ka dawo gabansa. Abin dariyar shi ne Tankari kansa bai taɓa gama gaisuwa da kowa ba a rayuwarsa, kuma na sha gaya masa haka.

A kusurwar sama ta fuskar kwamfutar ya jera jajayen zukata uku, kamar yadda ake yi a duk wasannin da ya sani. Ba mu ma ɗauke su abin tunani ba sai ranar da yayansa Sama'ila ya biyo bayan azahar. Yaya Sama'ila ɗan kasuwa ne mai riƙon sunna, mutum ne da ba ya barin magana ta wuce shi ba a tace ba. Ya tsaya a bayanmu yana kallo, can ya nuna da yatsa.

"Tankari, waɗanga jajayen abubuwa ukku mi na na?"

"Rai na, Yaya. Trois vies, wato rai ukku. In ya mutu sai shi tashi shi ci gaba."

"Shi tashi? Wa za shi tashe shi, kai? Rai guda Allah yab ba kowa, kai ka ba naka ukku. Ka hi Mai bayarwa kyauta ke nan?"

Tankari ya ce ai wasa ne. Yaya ya ce shi ma ya san wasa ne, amma yara za su wuni suna mutuwa suna tashi, kuma shi ba ya so a ce daga gidansu abin ya fito. Ya juya ya tafi. Kwana biyu Tankari yana kumbure-kumbure, ni kuma ina zuga shi, ina ce masa ya ara mini rai ɗaya tunda yana da na rabawa.

Mafita daga bakin Gwaggo ta fito, mahaifiyarsu, ita da ba ta san ma ana rigimar ba. Wani maƙwabcinsu ya faɗa tsohuwar rijiya aka ciro shi ko ƙwarzane babu. Muna cin abincin rana a tsakar gida aka kawo labarin, Gwaggo ta ce, "Allah sarki, da sauran shan ruwanshi." Tankari ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya kalle ni, ya fice ko hannu bai wanke ba. Kafin la'asar ya aiko in zana masa goruna uku. Ya cire zukatan ya jera gorunan ruwa a gurbinsu. In ɗan tafiyar ya yi kuskure, gora ɗaya ya zube. In ya isa rijiya ya yi gaisuwa yadda ya kamata, wata Bafillatana ta ƙara masa. Babu mai mutuwa ya tashi, ruwa ne kawai ke raguwa, kamar yadda kowane Bahaushe ya san ana faɗa. Dama an ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ban taɓa ganin Tankari cikin murna irin ta ranar ba, har rawa ya taka a gaban masu jiran gyara.

Da aka nuna wa Yaya Sama'ila ya gyaɗa kai ya ce wannan kam babu laifi, ruwa ana ɗiba ana zubarwa. Har ya kai bakin rumfa sai ya waiwayo. "To in na ukku ya ƙare hwa?" Ya fice ya bar Tankari da wannan tambayar. In ya mayar da mutumin farkon hanya da goruna cike, to tashin matattun nan ne ya dawo ta bayan gida. In kuma ya ce shi ke nan an gama, wa zai so wasan da kuskure uku ke rufe masa ƙofa har abada? Ya yi makonni yana juya abin. A ƙarshe ya bar wurin baƙi ƙirin, ya zo ya same ni ya ce tunda ni ne mai zane, in zana masa abin da ake gani bayan gora na uku, in ya gani da ido zai san abin da zai rubuta.

Na ce masa gobe. Goben ta zo na ce bayan ranar kasuwa, don ina da allon mai shayi da na mai ɗinki a gabana. Gaskiya ita ce ban san abin da zan zana ba, kuma girman kai ya hana ni gaya wa taubashina cewa ya fi ƙarfina. Ya tambaya sau uku ko huɗu, kullum ina kore shi da wasa. Ana cikin haka zazzaɓin damina ya kama shi. Mun ɗauka na kullum ne, har na je dubiya ina ce masa ragwanci ne. Kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki wani dattijo ya ce, da kyakkyawar niyya, ai shan ruwansa ne ya ƙare. Na tashi daga kan tabarma na zaga bayan gida, don ba na so a ga abin da fuskata ta yi.

Gwaggo ta ba ni kwamfutarsa, ta ce ni na san abin da ke ciki. Tana cikin akwatina a naɗe da zane. Duk damina nakan ciro ta in kunna, in ji kukan gugar nan, in gaishe da tsohon mararraba. Amma ban taɓa bari gora na uku ya ƙare ba. Da zarar na biyu ya zube sai in kashe in mayar da ita akwati. Alkawari kaya ne, kuma nawa ba ya raguwa da tafiya, kullum ƙara nauyi yake yi.

Nakan tambayi kaina me Tankari zai ce in ya leƙo yau. Gidan bidiyonmu ya zama wurin ajiyar siminti. Kowane yaro yana da nasa gidan bidiyon a tafin hannu. Kwanan baya na ga makiyayi a bakin rijiya, shanu na sha, shi yana harbin wasu mutane a salula, hannu ɗaya a sanda. Na san Tankari zai yi murna da salular, don a lokacinsa kullum kukansa shi ne wa zai buga wasan in ba masu kwamfuta a Arewa. Na kuma san zai leƙa ya ga abin da ake bugawa ya yi tsakin nan nasa. An ce fina-finan namu ma sun sake fitar da sabon kashi. Na nema na kalla don shi kawai, kuma ina tabbatar masa har yanzu ba su koyi sallama ba. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da ni. Wata rana ina jin zai yi dariya ya ce dama ya san raggo ne ya ba aiki. Wata rana kuma ina jin ba zai yi dariyar ba, kuma wannan ita ce ke hana ni sukuni.

Da farkon daminar bana Ramatu ta zo daga Yamai. Tare suka yi karatu da Tankari, yanzu ita da abokan aikinta suna haɗa manhajojin salula. Ta ce ta san da wasan tun Tankari yana raye, tana so su ƙarasa shi su saka a salula. Ta duba kwamfutar ta ce batirin ya kumbura, in ta mutu yau komai ya tafi da ita, ta kwashe abin da ke ciki a nan take. Ta ce saura ƙarshen hanya, wanda Tankari ya bar bayaninsa a rubuce, sai kuma baƙin wurin nan da bai bar komai a kansa ba. Ta ce yanzu akwai na'urar da in ka gaya mata abin da kake so za ta zana kafin ka sha ruwa. Na ce ai matsalar ke nan, me za a gaya mata? Ta ce to su mayar da zukatan da sake farawa, yadda kowa ya saba, tunda ma wanda ba ya jin Hausa ba zai gane gora ba.

Na yi mata faɗan da ban isa ba. Ni da na danne abin shekara shida a akwati, ni ne nake ɗaga murya a kan wadda ta zo ceto shi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, "Malam Isuhu, za mu jira ka har a yanke gero. In ba ka kawo ba, sai mu yi yadda muka iya." Ba ta yi laifi ba. Amma na san in suka yi yadda suka iya, abin da ya fi zama na Tankari a wasan shi ne zai fita, kuma ni na jawo.

Wata biyu ina zanawa ina yagawa. Na zana kabari na yaga, wa zai saka kabari a wasan yara. Na zana hadari ya taso ruwa ya cika gorunan, na ga ƙarya ce, wanda nasa ya ƙare hadari ba ya dawo masa da shi. Na zana duhu da 'yar fitila, na ga duhun Tankarin ne dai na yi wa kwalliya. Na ɓata allon mutane biyu a cikin wannan lokaci, ɗaya har na rubuta sunan shago da harafi a juye.

Makon jiya na ɗaura allon wani mai sayar da takin zamani a bayan babur zan kai masa Gecheme. Na wuce Tibiri kaɗan taya ta fashe, ga rana, ga ba mai faci kusa. Na jingina babur, na zauna a gindin aduwa da allon a gefena ina zagin taya. Can wani mutum ya taho da amalanken shanu, ban san shi ba, bai san ni ba. Ya yi sallama, ya yi mini sannu, sannan ya dubi allon. "Kayan ga ina za su?" Na gaya masa. "Ni can nan nuhwa. Kawo." Ya ɗora allon a kan buhunansa ya kaɗa shanu, ko sunana bai tambaya ba. Na zauna ina kallon aikina yana tafiya ba tare da ni ba har ya sha kwana. A lokacin haushin taya bai bar ni na ga komai ba. Sai da mai shagon ya kira ni da yamma ya ce allo ya iso, ina tsugune wurin mai faci, sannan na gane abin da mai amalanken ya nuna mini. Haka saƙo ke tafiya a ƙasar nan tun kafin a haife mu. Mai ɗauke da shi na iya tsayawa a hanya, saƙon kuwa sai ya isa.

Da na dawo ban ko shiga gida ba, rumfa na wuce. Na zana ɗan tafiyar zaune, ya jingina da itace, hula ta rufe masa fuska, goruna uku a kife a gefensa. Ƙararrawar tana ɗaure a tsummanta a bakin hanya inda mai wucewa zai gani. Daga baya wani na tahowa, ya ɗaga hannu yana sallama, da nasa gorunan a rataye. Mai buga wasa zai ci gaba ne da wannan na biyun, daga nan inda aka tsaya. Na farkon ba ya tashi. In na biyun ma nasa ya ƙare wani zai zo, ko mace mai tallar nono, ko makiyayi, ko ɗan kasuwa, har ƙararrawa ta isa gidanta. Na aika wa Ramatu hoton, ta kira ni a waya ta ce za su iya rubuta shi. Na kai wa Yaya Sama'ila shagonsa. Ya daɗe yana kallo, bai yi gyara ko ɗaya ba, ya ce Allah shi jiƙan Tankari, ya juya yana jera kayan da dama a jere suke.

Ban san ko wasan zai karɓu ba. Wataƙila yara su buga kwana biyu su koma ga harbe-harbensu, wataƙila wani a Doso ko Sakkwato ya ga gorunan ya yi murmushi don ya gane maganar. Tankari bai bar gida ba, bai bar 'ya'ya ba, rumfarsa ma yanzu mai sayar da kankana ne a ciki. Abin da ya bari shi ne taurin kan da ya sa ya ƙi ɗauko abin wasu yadda ya same shi, sai da ya tambayi yadda mu muke faɗarsa. Da ni da Ramatu da duk wanda zai taɓa wasan nan gaba, a kan wannan muke tafiya. Allah ya yafe masa gaggawarsa, ya yafe mini jinkirina, ya shayar da shi daga tafkin da ba a ƙishi bayansa.

Jiya na kai wa Gwaggo zanen. Idonta ya yi rauni, kuma har yau ba ta san mene ne wasan kwamfuta ba, ban kuma yi mata bayani ba. Ta kawo takardar dab da fuskarta, ta bi ta da yatsa, ta wuce mai sallamar, ta wuce gorunan, ta tsaya a kan wanda ke zaune. Ban zana masa fuska ba, ita ma ba ta tambayi ko wane ne ba. Sannan ta miƙo mini.

"Isuhu, ƙahwahunshi na cikin rana. Ƙara mishi inuwa."

Na koma rumfa na dama fenti, na ja inuwar itacen har ta rufe masa ƙafafu.